Sarrafa Fi'ilin Turanci: Darasi Domin Hakimai Da Malamansu

Wannan darasi an shirya shi ne domin Hakimai da malaman da ke rubuta musu takardu. Turanci shi ne harshen da a ke gudanar da aikin Gwamnati da shi a Nijeriya, don haka yawancin takardun da ke fita daga ofishin Hakimi zuwa Ƙaramar Hukuma ko ma'aikatun Jiha da shi a ke rubuta su. Hakimi ya kan faɗi magana da Hausa, malami ya juya ta, sa'an nan a kawo ya sa hannu. To, da zarar ya sa hannu magana ta zama tasa. In takarda ta ce an gama gyaran gada, alhali kuwa ana cikin aikin ne, har aka biya ɗan kwangila bisa ga wannan shaida, ran da ruwa ya tafi da gadar ba mai tambayar wanda ya riƙe alƙalami. Sunan da ke ƙasan takarda shi za a nema. Maganganun nan biyu kuwa a Turanci sun yi kama ƙwarai ga ido:

*The bridge has been repaired.* An gyara gada.
*The bridge is being repaired.* Ana gyaran gada.

Sabo da haka ya kamata Hakimi, ko da ba shi ne zai tsara wasiƙa da kansa ba, ya gane fi'ili in ya gan shi, ya kuma san lokacin da ya ke nufi.

SIFFOFI HUƊU

Fi'ili shi ne kalmar da ke nuna aiki, wadda a makarantun boko a ke kira aikatau. Wanda ya yi karatun nahawu a zaure ya san Ajurumiyya ta kasa fi'ilin Larabci uku, watau mali, da mulari'i, da amru. Ya kuma san wahalar da ya sha kafin ya iya sarrafa su, na namiji dabam, na mace dabam, na mutum biyu dabam. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo har littafi guda ya yi a kan ilmin sarfu, shi ne Hisnur Rasin. Wanda ya ƙetare wannan kogi, Turanci ƙorama ce a wurinsa, domin fi'ilin Turanci mai bin ƙa'ida siffofi huɗu kaɗai gare shi. Ga na *repair*, watau gyara, wanda za a yi misali da shi har ƙarshen darasi: *repair, repairs, repaired, repairing.*

Akwai waɗansu fi'ilai kimanin 200 da ba su bin ƙa'ida, irin su *write, wrote, written*. Waɗannan sai haddacewa, darasinsu dabam ne. Sauran dubbai duk hanyar *repair* su ke bi, har da baƙin da suka shigo kwanan nan, kamar *email, emailed*.

Wajen rubutu akwai 'yan ƙa'idodi. Fi'ilin da ya ƙare da *e*, *d* kaɗai a ke ƙara masa, kuma *e* ɗin ya kan faɗi gaban *-ing*: *vaccinate, vaccinated, vaccinating*. In ya ƙare da *y* bayan baƙi, sai *y* ta koma *i*: *supply, supplied*, amma bayan wasali ta na nan yadda ta ke: *delay, delayed*. In ya ƙare da wasali guda da baƙi guda, ƙarfin murya kuma ya faɗa a kan gaɓar ƙarshe, sai a ninka baƙin: *stop, stopped*, *submit, submitted*. Ba a ninkawa a *visit, visited*, don ƙarfin murya a gaɓar farko ya ke. Mutanen Ingila su kan ninka *l* a *travelled*, na Amurka ba su yi. Makarantun ƙasar nan tsarin Ingila suka gada.

Wajen faɗi kuma *-ed* iri uku ne. Bayan *t* ko *d* gaɓa ce cikakkiya, kamar a *collected*. A *stopped* da *asked* kamar *t* a ke jin sa, a *repaired* kuwa kamar *d*. Yawancin kalmomin Hausa da wasali su ke ƙarewa, don haka bakin Bahaushe ya kan haɗiye wannan ɗan sauti na ƙarshe. Abin da kunne bai saba ji ba hannu ya kan manta da shi, shi ya sa a ke yawan ganin *they have repair* a takardu. Malami ya riƙa bin wasiƙarsa da kan alƙalami, fi'ili bayan fi'ili, kafin ya miƙa ta.

INDA HAUSA DA TURANCI SUKA RABA HANYA

A Hausa fi'ili kusan zaune ya ke, 'yar kalmar da ke gabansa ita ke juyawa: sun gyara, suna gyarawa, za su gyara, su kan gyara. Turanci ma ya na da irin waɗannan 'yan kalmomi masu shiga gaba, su ne *be*, da *have*, da *do*, da *will* da 'yan'uwansa. Za a kira su zagage a nan, domin gaban fi'ili su ke tafiya kamar yadda zagi ke tafiya gaban dokin Hakimi. In aka haɗa su da siffofi huɗun nan sai a sami tsari 12. Ga su da *they*:

Lokaci mai ci: *repair, are repairing, have repaired, have been repairing.*
Lokacin da ya shige: *repaired, were repairing, had repaired, had been repairing.*
Lokaci mai zuwa: *will repair, will be repairing, will have repaired, will have been repairing.*

Haddace wannan ba wuya. Wuyar ita ce zaɓe. Abin da Hausa ta fi kula da shi shi ne ko aiki ya kammala ko bai kammala ba. Maganar yaushe kuwa sai ta bar wa sauran zance. Bahaushe ya na iya cewa “sun gyara jiya,” da “sun gyara, ga ta can ana bi,” da “ko da na isa sun gyara,” har ma “gobe war haka sun gyara,” duk da “sun” guda. Baturen Ingila ba zai yarda ba. Na farko *they repaired* ne, na biyu *they have repaired*, na uku *they had repaired*, na huɗu *they will have repaired*. Kalma guda ta Hausa ta haifi huɗu na Turanci, kuma ko wace da nata nufi.

Akwai wani tarko kuma da rubutun boko ya haƙa. “Ya gyara” a rubuce abu uku ne, ko da ya ke a baki sun bambanta. Akwai na “ya gyara, an gama,” akwai na “sai ya gyara ya tafi,” akwai kuma na “a gaya masa ya gyara.” In malami ya sami takarda daga Dagaci, ya rasa wanne a ke nufi, dabara ita ce ya mai da mutum guda jam'i. Nan take za su rabu: sun gyara, suka gyara, su gyara. Na farko da na biyu labarin abin da ya auku ne. Na uku umurni ne ko buƙata, aiki bai ko soma ba.

LOKACI MAI CI

*They repair the road* ba ya nufin suna kan hanya da shebur yanzu. Al'ada ya ke nufi, watau su kan gyara: *They repair the road every year.* Abin da a ke yi a wannan sa'a sai da *be* da *-ing*: *They are repairing the road.* In mai aikin guda ne, watau *he*, ko *she*, ko *it*, sai a ƙara *-s*. A lura da wani abin mamaki: *-s* a jikin suna jam'i ya ke nunawa, a jikin fi'ili kuwa tilo. *The man repairs*, amma *the men repair*.

Waɗansu fi'ilai ba su cika karɓar *-ing* ba, domin hali su ke nunawa, kamar *need*, da *want*, da *own*, da *belong*. Hausa ta ce “mutane suna bukatar rijiya,” sai “suna” ɗin nan ta ja malami ya rubuta *are needing*. Daidai shi ne *The people need a well.* Haka a rikicin gona, *The farm belongs to his father* a ke rubutawa.

LOKACIN DA YA SHIGE

Nan ne aka fi samun ɓarna, don haka a nan za a daɗe.

*They repaired the bridge* labari ne na abin da aka yi a wani lokaci da ya wuce, aka rufe babinsa. Shi ne abokin tafiyar kwanan wata da *yesterday* da *last year*: *They repaired the bridge in March.* Bai faɗi kome ba game da halin da gadar ke ciki yau. Ta yiwu ta na nan lafiya, ta yiwu ta sake karyewa.

*They have repaired the bridge* kuwa ƙafarsa ɗaya a jiya ta ke, ɗaya a yau. Mai karanta shi zai ɗauka aikin ya kammala kuma amfaninsa na nan, motoci na bi. Sabo da haka ba a haɗa shi da ƙayyadajjen lokacin da ya wuce. *Have repaired it yesterday* kuskure ne. Abin da ya fi kuskuren nahawu muni shi ne wannan: in an gyara gada a watan Maris, ta sake zubewa a watan Agusta, Hakimi ya rubuta a watan Satumba cewa *they have repaired the bridge* ya yi shiru, to, ya ba Hukuma labarin da zai sa ta cire gadar daga cikin ayyukan da ke jiran kuɗi. Abin da ya kamata ya rubuta shi ne *They repaired the bridge in March, but it collapsed again in August.*

*Had repaired* shi ne wanda malamai suka fi ƙauna, watakila don ya fi cika baki. Da yawa sun ɗauka na abin da ya daɗe ne, ko na girmamawa. Ba haka ba ne. Ana kawo shi ne sa'ad da a ke maganar abu biyu da suka shige, a nuna wanda ya riga: *They had repaired the bridge before the rains started*, watau kafin ruwa ya sauka sun riga sun gyara. In babu wani lokaci da ya shige da a ke auna shi da shi, *had* ba shi da wurin zama. Wasiƙar da ta buɗe da *I had inspected the market* ta tsaya nan ta bar mai karatu ya na jiran sauran magana.

*They were repairing* na aikin da a ke ciki ne a wani lokaci da ya wuce: *They were repairing the bridge when the flood started*, suna cikin gyara ambaliya ta taso. Aikin da aka soma tun tuni har yanzu ana yi kuwa, wanda Hausa ke cewa “suna gyara tun watan Maris,” ba *are repairing* ba ne. *They have been repairing it since March* a ke cewa. *Since* na mafarin lokaci ne, *for* na tsawonsa: *for six months*. Hakimi ya lura, ko da ya ga *have* a nan, aikin bai ƙare ba.

Saura *used to repair*, watau da can su kan gyara, yanzu sun bari. Ba shi da na lokaci mai ci. Mai rubuta *they use to repair it every year* da nufin har yanzu su kan yi, ya kusa faɗin akasin abin da ke ransa.

LOKACI MAI ZUWA

*They will repair* shi ne za su gyara. *They are going to repair* ya fi nuna an riga an ƙulla niyya. Tsofaffin littattafan makaranta sun koyar da cewa *shall* na *I* da *we* ne, *will* na saura. Yanzu *will* ya kusa cinye duka a maganar yau da kullum. Inda *shall* ya riƙe ƙarfinsa shi ne cikin doka da takardun yarjejeniya, kamar yadda ya cika Tsarin Mulkin 1999, kuma a can galibi tilas ya ke nufi. *The contractor shall repair the culvert* wajibi ne aka ɗora wa ɗan kwangila game da kwalbati, wanda a ke iya kai shi ƙara a kansa.

Bayan *if*, da *when*, da *until*, da *before*, ba a sa *will* don nuna lokaci mai zuwa. Hausa ta ce “in sun gyara za mu biya,” Turanci kuwa *If they repair it, we will pay.* *Will have repaired* na wa'adi ne: *They will have repaired it by June.* Na goma sha biyun, *will have been repairing*, malami ya na iya shekara bai bukace shi ba.

KOREWA DA TAMBAYA

In akwai zagi, *not* bayansa ya ke zama: *have not repaired*, *will not repair*. In tambaya ce sai zagi ya wuce gaban mai aiki: *Have they repaired it?* In babu zagi, sai a ɗauko *do*: *They do not repair*, *he does not repair*, *Did they repair it?* Ƙa'idar da za a riƙe ita ce, na gaba shi kaɗai ke ɗaukar alamar lokaci. Tun da *did* ya ɗauka, fi'ili sai ya koma siffarsa ta asali. *Did not repaired* kaya biyu ne a kan jaki guda.

Amsar tambaya mai korewa ita ma ta kan jawo rikici. In aka ce wa Bahaushe “Ba su gyara ba?” ya ce “I,” nufinsa haka ne, ba su gyara ba. In jami'i ya tambaya *Have they not repaired it?* aka ce masa *Yes*, zai rubuta cewa sun gyara. Abin da ya fi lafiya shi ne cika amsa: *No, they have not.*

UMURNI, BUƘATA DA SHARAƊI

Duk abin da ya gabata sigar ba da labari ce. Sigar umurni kuwa ita ce mafi sauƙi, fi'ili ne tsirara: *Repair the road. Do not repair it.* Guda ne ga namiji da mace da jama'a. Sai dai ba a aika wa na gaba da shi haka. Yadda Bahaushe ke sassautawa ya ce “a taimaka a gyara,” haka Turanci ke da *Please repair*, ko kuma, ga babba, *I should be grateful if you would repair the road.*

Sigar buƙata ita ce takwarar “su gyara” da aka ambata a baya. Ta kan zo bayan *recommend*, da *request*, da *direct*, da *insist*: *The Council recommended that he repair the road.* Mai gani zai ce an manta da *-s* ko *-ed*, amma daidai ne. A Ingila an fi sa *should*: *that he should repair*. Duka biyu karɓaɓɓu ne, kuma duka biyu ba su ce an yi aikin ba.

Sharaɗi hawa uku ne. *If they repair it, lorries will pass*: abu ne mai yiwuwa, ana sa rai. *If they repaired it, lorries would pass*: siffar ta shuɗaɗɗen lokaci ce, amma maganar ta yau ce, kuma mai faɗi ba ya sa rai sosai. *If they had repaired it, lorries would have passed*: wannan shi ne “da sun gyara, da motoci sun wuce,” lokaci ya riga ya ƙure. “Sun” ɗin da ke cikin “in sun gyara” ita ke jan malami ya rubuta hawa na biyu inda a ke son na farko, sai roƙon Hakimi ya fita kamar na wanda ya fid da tsammani.

Sauran zagage su ne *must*, tilas, *should*, ya kamata, *may*, izini ko watakila, *can*, iyawa. Ba su karɓar *-s*, fi'ilin da ke bin su kuma tsirara ya ke zuwa. Biyu daga cikinsu su kan sake hali in sun haɗu da *have*. *He should have repaired it* zargi ne, ya kamata ya gyara bai gyara ba. Kada a sa shi cikin wasiƙa sai Hakimi ya yi nufin zargin. *He must have repaired it* kuwa zato ne mai ƙarfi, watau lalle dai ya gyara. In ana son a ce tilas ta sa ya gyara, *he had to repair it* a ke cewa.

AN, ANA, ZA A

Hausa ta na da hanyar faɗin aiki ba tare da ambaton mai yinsa ba. Turanci ya kan yi wannan da *be* da siffa mai *-ed*. “An gyara” shi ne *was repaired* in da kwanan wata, ko *has been repaired* in labarin halin yau ne. “Ana gyarawa” shi ne *is being repaired*, “za a gyara” *will be repaired*, “ba a gyara ba tukuna” *has not yet been repaired*. *Been* bayan *has* ko *have* ko *had* ya ke zuwa, *being* kuwa bayan *is* ko *are* ko *was* ko *were*. A bakin mutane da yawa faɗinsu ɗaya ne, don haka zagin da ke gaba shi za a duba. *Is been repaired* da *has being repaired* babu su a Turanci, kuma mai karanta su ba zai san ko an gama ko ana yi ba.

Ofisoshi suna son wannan siga ƙwarai, wani lokaci don ladabi, wani lokaci don ta na ɓoye mai laifi. Inda maganar kuɗi ta shiga, gara Hakimi ya sa a ambaci mai aikin: *The contractor repaired two culverts in May.*

AIKIN GWAJI

Malami ya juya waɗannan zuwa Turanci, sa'an nan ya ba wani ya mai da su Hausa ba tare da ya ga na asali ba, a gwada a gani ko sun dawo yadda suka tafi.

1. An gyara rijiyar kasuwa a shekarar 2022, amma ta sake rushewa.
2. Ana gyaran makaranta tun watan Janairu, ba a gama ba tukuna.
3. Ko da injiniya ya iso, mutanen gari sun riga sun gyara hanyar.
4. Majalisa ta ba da shawara ɗan kwangila ya gyara kwalbatin kafin damina.
5. Da an gyara gadar bara, da amfanin gona ya isa kasuwa.